Abin da kalankuwar Tirinidad ta koya mini game da bincike

A shekarar da nake rubuta kundin digiri na biyu a kan tarihin jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka zuwa tsibiran Karibiyan, na ware babi guda domin bikin kalankuwar Tirinidad, wanda ake yi kowace shekara a ranakun Litinin da Talata da ke gaban Larabar Toka, wato ranar da Kiristoci ke fara azuminsu na kwana arba'in. Na rubuta babin cikin mako biyu, kuma abin da na dogara a kansa bai wuce hotunan jerin gwano a titunan Port of Spain, babban birnin ƙasar, ba, inda jama'a ke rawa cikin tufafin gashin tsuntsu da duwatsu masu walƙiya. Hukuncin da na yanke shi ne cewa shagali ne da aka shirya domin masu yawon buɗe ido. Malamar da ke duba aikina ta mayar mini da takardun ba tare da ta gyara ko da waƙafi ba, sai tambaya ɗaya da ta rubuta da jan biro a gefen shafin farko: me ya sa ƙarfe makaɗansu ke kaɗawa, ba fata ba?

Neman amsar wannan tambaya ya ci mini wata huɗu. Faransawa masu gonakin rake da suka shigo tsibirin bayan dokar ba baƙi damar zama da Sifaniya, mai mulkin tsibirin a lokacin, ta yi a 1783 su ne suka zo da al'adar rawar rufe fuska. Da bauta ta ƙare baki ɗaya a 1838, sai 'yantattun bayi suka fito kan titi da nasu salon mai suna Canboulay, suna riƙe da wuta, suna kiɗa da wasan sanda, suna tuna dararen da ake tashinsu daga barci domin ceto gonar raken da ta kama da wuta. A 1881 'yan sandan mulkin mallakar Ingila ƙarƙashin Kyaftin Baker suka yi yunƙurin murƙushe su, aka gwabza, kuma ba a daɗe ba aka kafa dokar da ta takura wa gangar fata. Mutanen ba su yi shiru ba. Sun sari gora, mai tsawo da gajere, suna buga ta da ƙasa. Daga gora suka koma gwangwani, kuma zuwa shekarun 1940 samarin unguwannin talakawa irin su Laventille sun kai ga gangar mai, wadda matatun tsibirin suka wadata su da ita.

A nan ne na tsaya na daɗe, domin a harshenmu kalma ɗaya ce ke ɗauke da abin da aka hana su da abin da suka maye gurbinsa da shi, wato ganga. Na kalli bidiyon wani dattijo maƙerin wannan kayan kiɗa fiye da sau goma. Yakan dinga dukan gindin gangar da guduma har ya lotsa kamar ƙwarya, ya zana gurbin kowane sauti, ya gasa ƙarfen a wuta, sannan ya sunkuyar da kai yana ƙwanƙwasa a hankali yana saurare, kuma ba ya matsawa gaba sai kunnensa ya gamsu. Kunya ta kama ni da na tuna cewa aikin irin wannan mutum ne na kira shagali.

Tun daga lokacin, kafin na yanke hukunci a kan wata al'ada, nakan tambayi asalin kayan da ke hannun masu yin ta, da kuma wanda ya taɓa hana su riƙe shi. Da wannan idon na sake duba J'ouvert, fitowar da ake yi da asubahin Litinin, lokacin da mutane ke shafe jikinsu da taɓo da fenti da baƙin mai, sai na ga sawun Canboulay a cikinta ƙarara. Har yanzu akwai shigar da ba ta kwanta mini a rai ba, kuma ban ɓoye hakan a sabon babin ba, amma sai da na fara ba da labarin ganga tun daga 1881 har zuwa 1963, shekarar da aka fara gasar Panorama ta makaɗan ƙarfe.