Saurin da ya tsayar da ni kwana biyu a Kantin Kwari

Har yanzu in na tuna raina na ɓaci, kuma ni na jawo wa kaina. Wani ɗan kasuwa mai shaguna uku ya ba ni aikin haɗa masa ɗan script, wato ƙaramar manhaja, da yaren kwamfuta na Python da zai riƙa tace bayanan POS ɗinsa na wata, a ga ciniki na kowace rana. Layukan sun yi yawa sosai, dateutil, manhajar karanta kwanan wata da na fara da ita kuwa, tana tafiyar hawainiya, don ita sai ta tsaya tana canki-canka kan kowane kwanan wata kafin ta gane tsarinsa. Na leƙa intanet na ci karo da wata manhajar mai suna ciso8601, da yaren C mai sauri aka rubuta ta, tsarin rubuta kwanan wata na ISO 8601 kaɗai ta sani, na gwada a laptop ɗina mai Linux, kafin in kurɓi shayi aiki ya ƙare. Na ji kaina ya yi girma wallahi.

Ban tambayi wace irin kwamfuta ce a shagon ba. Wannan tambayar guda ɗaya kawai.

Da na je, tsohuwar desktop ce mai Windows 7, wato Python 3.8 ce iyakarta tunda daga 3.9 aka daina tallafa wa Windows 7. Na buga pip install, umarnin sauke manhaja, don in saka ciso8601, sai ya ƙi, bai samu wadda aka riga aka harhaɗa wa injin ba, yana neman kayan harhaɗa manhaja na Visual C++ 14.0 ya harhaɗa da kansa. Kayan nan gigabait ne ba wasa ba, ga MiFi ɗin Alhaji mai shagon na jan ƙafa, ga wuta ana kawowa ana ɗaukewa, yaron shago sai leƙowa yake yana cewa "Injiniya an gama?" Alhaji kuwa bai ce komai ba, shirunsa ya fi zagi ciwo.

Daren na biyu ne na tuna akwai datetime.fromisoformat, mai karanta irin wannan kwanan watan, a cikin Python ɗin kanta tun 3.7, ita ma da C take, ba sai an sauke komai ba. Matsalarta a 3.8 ba ta karɓar harafin Z na ƙarshen kwanan watan, mai nuna lokacin UTC, wato agogon duniya, sai 3.11 aka gyara, to sai na musanya Z da +00:00, na kuma daidaita ɓurɓushin daƙiƙa zuwa lamba 3 ko 6 don abin da take yarda da shi ke nan. Lokacinmu awa ɗaya ne gaba da UTC shekara duka, ba ma sauya agogo, don haka ƙara awa 1 da timedelta ya wadatar.

Layi huɗu fa. Kwana biyu na ɓata a kan abin da layi huɗu ya gama. Yanzu duk wanda ya kira ni aiki, kafin mu yi maganar kuɗi sai ya turo min hoton kwamfutar ta WhatsApp, in ga Windows ɗin da idona.