Tambayar da shugabarmu ta yi yau

Yau da hantsi manhajarmu ta tsaya cak, masu amfani da ita suka yi ta kira ba ƙaƙƙautawa. Da aka bi diddigi, sai aka gano gyaran da wani sabon ma'aikaci ya tura ne ya rikita rumbun bayanai. Yaron nan yana gaban kwamfuta jikinsa na ɓari, ya kasa haɗa ido da kowa. Shugabar sashenmu ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta ce, "Ƙanena, nutsu. Bari mu dawo da tsohuwar sigar tukuna." Da al'amura suka daidaita aka zauna taro, abin da ta tambaya kawai shi ne: yaya aka yi gyaran mutum ɗaya ya wuce ba tare da wani ya duba ba? Sunan yaron bai fito daga bakinta ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Tun 1999 Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta nuna cewa ma'aikatan da ba sa tsoron faɗin kuskurensu sun fi saurin koyo, daga baya binciken Project Aristotle na Google ya ƙarfafa hakan. Da yawanmu mun karanta, amma haɗiye fushi lokacin da manya ke ta buga maka waya wani aiki ne daban, ba kowane oga ke iyawa ba. Ita ta shanye faɗan sama ita kaɗai, ba ta sauke a kan kowa ba. Tun ɗazu nake tunanin wa ke tambayarta yadda take ji bayan rana irin wannan.