Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Makon Ƙwallon Gora a Gidan Anti

A makon jiya na tsaya a inda annobar korona ta tilasta mini barin ɗakin kwanan ɗalibai a 2021, na kama haya a saman benen wani gida a garin Ambala da ke jihar Haryana, a arewacin Indiya. Mai gidan dattijuwa ce da mijinta ya rasu, ina kiranta Anti kamar yadda ake kiran duk wadda ta yi sa'ar mahaifiyar mutum a can, ita kuma tana ce mini "beti", wato 'yata. Ban taɓa zaton wasan motsa jiki zai shigo cikin tarihin nan ba, domin ni ko ƙwallon ƙafa da yayyena ke raba dare a kanta ban damu da ita ba.

A ƙarshen watan Yuli, lokacin da ake gasar Olamfik a Tokyo, Anti ta fara kirana in sauko mu sha shayi a gaban talabijin, saboda kaɗaici yana damunta kamar yadda yake damuna. Abin da take kallo shi ne ƙwallon gora ta mata. Ita ta koya mini cewa 'yan wasa goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, ana raba wasan kashi huɗu na minti 15, kuma ci ba ya ƙirguwa sai an taɓa ƙwallon daga cikin da'irar da ke gaban raga. Filin shuɗi ne, an jiƙa shi da ruwa har yana fallatsa idan gora ta doki ƙasa, kujerun 'yan kallo kuma babu kowa a kai saboda annoba.

Farkon gasar bai yi wa Indiya daɗi ba. Holan ta ci su 5 da 1, Jamus 2 da nema, Birtaniya 4 da 1, kuma da ma a Rio a 2016 su ne na ƙarshe cikin ƙasashe 12. Duk da haka Anti ba ta daina kunna talabijin ba, domin kyaftin ɗin tawagar, Rani Rampal, 'yar Shahabad ce, garin da ke kan hanyar Kurukshetra, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga ƙofar gidanmu. Mahaifin Rani amalanke yake aiki da ita yana dakon kaya, kuma Anti tana ba da wannan labari da alfahari kamar ita ta goya yarinyar.

Sai abubuwa suka juya. Suka ci Ayalan 1 da nema, washegari kuma, ranar 31 ga Yuli, suka ci Afirka ta Kudu 4 da 3, inda Vandana Katariya ta zura uku ita kaɗai, abin da babu wata 'yar Indiya da ta taɓa yi a Olamfik. (Na amsa laifina: a ranar zuciyata tana tare da 'yan Afirka, amma ban bari Anti ta gane ba.) Ranar Litinin 2 ga Agusta da safe suka haɗu da Ostareliya, wadda ta lashe duk wasanninta biyar na rukuni. A minti na 22 Gurjit Kaur ta ja ƙwallon da gora daga bugun kusurwa ta watsa ta raga, daga nan kuma sauran wasan ya koma kan mai tsaron gida, Savita Punia, wadda ta yi ta tare hari bayan hari cikin hular kwano da manyan matasan ƙafa. Da aka busa tashi, Anti ta rungume ni har shayin hannuna ya zube a kan tabarma, maƙwabta kuma suka fito suna raba alewa, domin wannan ne karon farko da matan Indiya suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Olamfik.

Akwai mace ta uku da ke kallo tare da mu, wato matar da ke zuwa share gida da wanke banɗaki kowace safiya. Ba ta taɓa zama a kujera ba, a bakin ƙofa take tsugunawa da tsintsiya a hannu, kuma shayinta a wani kofin ƙarfe daban ake zuba mata, wanda ake kifewa a kan tagar waje, ita ce kuma take wanke abinta. Wata biyu ina ganin kofin nan ina ɗauka tsantsenin korona ne.

Ranar Laraba 4 ga Agusta Ajantina ta ci Indiya 2 da 1, bayan Gurjit ta fara zura ƙwallo tun a mintocin farko. Washegari labari ya cika gari cewa wasu maza sun je ƙofar gidan su Vandana a Roshnabad, kusa da Haridwar, sun kunna abin tartsatsi suna rawa, suna cewa an sha kashi ne saboda 'yan Dalit sun yi yawa a tawagar. Dalit su ne waɗanda tsarin asali na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa, ko da yake kundin tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamarsu. Yarinyar da aka yi wa wannan ta rasa mahaifinta watanni kaɗan kafin gasar. 'Yan sanda sun yi kame, Anti kuma ta yi ta Allah wadai da mutanen tsakaninta da Allah. Tana cikin faɗan ne ta miƙa hannu ta taga ta ɗauko kofin ƙarfen, ta zuba shayi daga nesa yadda butar ba za ta taɓa bakinsa ba. Na tambaye ta a hankali, na ce, "Anti, don me kofinta yake waje?" Ta dube ni da mamakin gaske ta ce, "Beti, ai haka muka taso, ita ma ba za ta yarda ta sha a namu ba."

Da dare na ba Umma labarin a waya ina ta zafi, sai ta bari na gama sannan ta tuna mini auren ɗiyar ƙanwarta da aka fasa bayan an kai lefe, saboda bincike ya nuna kakan yaron mahauci ne. Ban sami amsar da zan ba ta ba, sai na ce katina ya kusa ƙarewa.

Wasan neman tagulla ranar Juma'a 6 ga Agusta aka yi shi, da ƙarfe bakwai na safe agogon Indiya. Birtaniya ta fara cin biyu, sai Indiya ta rama uku a jere kafin hutun rabin lokaci, biyu daga Gurjit, ta ukun kuma daga Vandana. A kan wannan ƙwallo ta uku mai sharar ta saki tsintsiya ta miƙe tsaye tana tafi, wanda shi ne karon farko da na ji muryarta da ƙarfi a cikin falon. Birtaniya ta dawo ta ci 4 da 3, Savita ta zauna a filin tana kuka, Anti ta kashe talabijin ba ta ce uffan ba. Mai sharar ta ɗauraye kofinta a famfon tsakar gida, ta kife shi a kan taga, ta wuce gida na gaba.

A ranar ce kuma saƙo ya shigo wayata cewa za a buɗe makaranta, kuma sai na biya ragowar kuɗin zango kafin a sabunta mini takardar zama. Yadda na samo kuɗin shi ne labarin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.