Yoyon damina, aikin ƙurar rani

A garejinmu da ke Talladje, nan Yamai, aikinmu gilashin mota ne da robobinsa da rufin ciki. Mafi yawan shekara abin da ke ciyar da mu gilashin gaba ne da tsakuwa ta fasa a hanyar Doso ko ta Tillaberi, da gilashin ƙofa da ya sauka ya ƙi tashi. Amma daga ruwan farko ya sauka cikin Yuni har ƙarshen Satumba, sai wasu baƙi na daban su cika mana fili: manyan pikap masu taga a rufi, kafet sharkaf, ciki na warin funfuna.

Ba motocin da muka saba da su ba ne. Hilux da Land Cruiser mai bodi, waɗanda ke cin daji daga nan har Agadas, galibi rufinsu ƙarfe ne zalla. Masu tagar su ne na Amurka, irin su Ford F-150, da Toyota Tundra da ake haɗawa a Texas, da Tacoma, da Ram, da Silverado, sai jefi-jefi Nissan Navara daga Turai. Da can ta Kwatano suke sauka su ƙetaro ta Gaya. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 sai ta Lome, su ratso Burkina. Kafin mota ta iso hannun mai ita ta yi wata da watanni a fili, rana na dukanta, ƙura na sauka a kanta, ba kuwa wanda ya buɗe tagar ya leƙa.

Abin da masu motar ba su yarda da shi da farko shi ne, tagar nan ba a yi ta don ta hana ruwa shiga gaba ɗaya ba. Robar da ta zagaye gilashin rage ruwa take yi, ta kuma kashe ƙarar iska. Ɗan abin da ya sulale yana faɗawa ne cikin wani faranti mai kwari da ke ƙarƙashin gilashin, a ɓoye tsakanin ƙarfen rufi da rufin ciki. Kowace kusurwa ta farantin tana da ɗan rami, kowane rami da siririn tiyo da bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba. Biyu na gaba suna bi ta cikin ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba su zubar wajen tayoyin gaba, biyu na baya su bi ta ginshiƙan bayan kai. Wanda ya tashi a gidan soro ya san wannan: idan indararo ya toshe, ba sai rufin ya fashe ba ruwa zai kwanta ya nemi hanya ta cikin ɗaki.

To mu a nan me ke toshe shi? Ƙura. Tun daga Nuwamba hunturu ke zuba ta, lallausa, tana shiga ta gefen roba ko da ba a taɓa buɗe tagar ba. Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, kowa na neman inuwa, sai a kai mota gindin dogon yaro, fure da ƙananan ganye su ƙaru a kan ƙurar. Sannan hadarin Yamai ba ya zuwa da ruwa kai tsaye. Daga gabas yake tasowa, jar ƙura a gaba, ruwa a baya. Ɗigon farko da ya shiga farantin laka yake kwaɓawa, lakar ta gangara cikin tiyo ta tsaya a lanƙwasa, ko a bakin ƙasa inda wasu motocin ke da ɗan matsattsen baki na roba. Washegari rana ta gasa ta. Ruwa na biyu ya zo ya tarar da hanya a rufe, faranti ya cika, ya tumbatsa ta gefe. Shi ya sa wani zai ce maka a ajiye ba ta zuba, sai ya taka birki ruwa ya sheƙo masa a wuya ta wajen fitilar ciki. Ruwan yana kwance a sama tun dare, birki ne ya turo shi gaba.

Wani Alhaji ya kawo mana Tundra cikin Agusta, direbansa na biye da shi riƙe da tsumma. Tun daga nesa na hango farin layi zagaye da gilashin rufin.

"Alhaji, wa ya yi wannan aikin?"

"Yaron nan ne ya sayo silikon a Katako, muka liƙe. Kwana biyu lafiya lau, yanzu ta fi da zuba."

Na ce ya ba mu izini mu kankare. Ya ce, "Malam, ni dai roba nake so ka canja mini, ko nawa ce." Na ce, "Alhaji, bari mu tambayi motar tukuna." Da muka cire silikon ɗin, aikin da ya ci mana rabin yini da reza da haƙuri, na sa yaro ya hau kan bodi da gorar ruwa, ya riƙa tsiyayawa a kusurwar faranti kaɗan-kaɗan, ni kuma na durƙusa bayan tayar gaba. Ta hagu ruwa ya fito yana ɗiga. Ta dama ko ɗigo. Na zura doguwar igiyar roba mai santsi, irin ta kamun manyan kifi, ina murzawa a hankali, har ta ci karo da abu ta wuce. Sai ga jan ruwa ya ɓalle, da tsinken ganye a ciki, ya bar shaida a ƙasa kamar faɗin tafin hannu biyu. Robar da Alhaji ya zo saye ba abin da ya same ta.

Silikon ɗin nan shi ne babban abokin gabarmu. Rana tana cin sa, ya tsage a wuri guda, ruwa ya ci gaba da shiga, tiyo yana nan a toshe, kuma yanzu ba damar buɗe taga a duba. Idan yaro ya danna maɓalli da wasa, injin ya ja gilashin da aka liƙe, sai ƙananan ƙafafun roba da ke tafiya da shi a kan layinsa su karye. Nan ne ƙaramin aiki ke zama babba, don ba kayan da za ka shiga kasuwa ka ɗauko ba ne, sai an yi oda ko an samu motar da aka farke.

Na biyunsa iskar mai faci. Mutum ya ji an ce tiyo ne ya toshe, sai ya tsaya bakin titi a sa masa bakin injin iska a ramin. Tiyon nan cusa shi kawai aka yi a kan ɗan hancin faranti, wani da ɗan maƙali, wani babu, zafi kuma ya riga ya busar da shi. Iska mai ƙarfi tana fizge shi, kuma a waje ba za ka ga komai ba. Daga ranar duk ruwan da ya shiga ramin cikin ginshiƙi yake zuba kai tsaye. Wayar ƙarfe mai tsini ma haka, tana huda tiyon a lanƙwasa. Gyaran wannan sai an sauke gefen rufin ciki, kuma a cikin ginshiƙan nan da gefen rufi jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi hatsari, take kwance. Yarana sun san doka: a cire kan batir, a ɗan jira, sannan a taɓa, kuma tiyo ya koma ta bayan jakar yadda aka same shi.

Ba kowane jiƙaƙƙen kafet ne laifin taga ba, kuma a nan ne ake gane mai sana'a. Pikap tana da fitilar birki ta uku a saman bayan kai, robar da ke ƙarƙashinta tana mutuwa da rana, ruwa ya shiga ya jiƙa rufin ciki ta baya. F-150 da Ram sun yi suna a wannan. Akwai gilashin baya mai zamewa, akwai gindin eriya, akwai layin haɗin rufi inda ƙaron masana'anta ke tsagewa, akwai gilashin gaba da wani ya canja ya yi rowar gam. Idan kuma kafet na gefen fasinja ne ke jiƙa ko ba a yi ruwa ba, to mu tiyon na'urar sanyi muke fara dubawa. Shi ya sa muke gwaji wuri ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, mutum guda a ciki da tocila. Wanda ya watsa wa mota bokiti gaba ɗaya ya ga ta zuba, ya tabbatar da abin da mai mota ya riga ya sani ne kawai.

Abin da ya sa nake matsa wa mutane kada su yi sakaci ba wari ba ne. A F-150 akwatin fiyus na ciki yana gefen ƙafar fasinja ne, daidai inda ruwan ginshiƙin dama ke sauka. Wayoyi kuma ƙarƙashin kafet suke bi, soson da ke ƙasa yana riƙe ruwa mako da makonni bayan sama ta bushe. Sai ka ji makulli ya fara kulle kansa, fitilu na kamawa da kansu, batir na mutuwa cikin dare, a yi ta yawo wurin masu lantarki. Tun daga samfurin 2015 bodin F-150 na alminiyom ne, ba za ka ga jan tsatsa ya tona asiri ba, amma kan wayoyin yana yin kore. A wannan samfurin ne kuma suka kawo doguwar taga mai gilashi biyu, wadda ta cinye kusan duk rufin. Kyau kam akwai, sai dai layinta ya fi tsawo, ƙurar da take tarawa ma haka.

Wahalar sana'ar a wajen kuɗi take. Mutum zai biya jika hamsin a kan sabon abu da ya gani da idonsa bai yi gardama ba, amma ka ce ya ba da jika biyar ladan neman inda ruwa ke shiga, sai ya ce ai ba ka sa komai ba. Na daina jayayya. Yanzu tsayar da mai mota nake yi kusa da taya ya ga lakar da kansa.

Ga mai irin motar nan, aikin na watan Mayu ne, kafin hadari ya fara haɗuwa. A buɗe taga har ƙarshe, a share farantin da jiƙaƙƙen tsumma, a tsiyaya rabin gora a kowace kusurwa a ga ya fito ƙasa. Ramukan baya ba sa ganuwa da ido, sai an ajiye motar hancinta na kallon tudu ruwan ya gangara wajensu. Roba a shafa mata man silikon na ruwa (ba irin na liƙewa ba), ba baƙin mai ko gas ba, don su kumbura ta suke yi. A duba gilashin ya zauna daidai da rufi, gabansa ya ɗan nutse, bayansa ya ɗan ɗaga, abin da bai wuce milimita guda ba. Wanda kuma ya gaji da tagar, muna rufe ta mu zare fiyus ɗinta, amma tiyo huɗun nan sai an ci gaba da wanke su duk shekara, don ruwa da ƙura ba su daina shiga ba.