Kafin ka ɓare wa kaza kafso

Shekaranjiya da hantsi na leƙa gidan ƙanena a unguwar Zariya, na tarar da ɗansa ya matse wata kaza tsakanin gwiwoyinsa, ya wage mata baki, kofi a hannu. Ya ɓare kafso biyu a ciki, irin ja da rawaya ɗin nan na masu tebur, ya haɗa da dakakken barkono. Sauran kajin na kewaye da shi suna tsattsagar abin da ya zube. Na ce, "Kai ɗan nan, wa ya koya maka?" Ya ce, "Gwaggo, a waya na gani."

Na so in yi masa faɗa, bakina ya yi nauyi, don ni ma na yi wannan aiki tun ba a san waya ba, kuma na fi shi ɓarna. Kaza na saya da araha ranar kasuwar Juma'a cikin hunturu, ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa mai ita ke gaggawar rabuwa da ita ba. A ranar na sake ta cikin sauran. Da ta fara lumshe ido tana sakin fikafikai kamar ta yafa zane, na ɗura mata kafso da barkono, na jiƙa ɓawon maɗaci na zuba a kaskon da dukansu ke sha. Da hannuna na tara mai ciwo da masu lafiya a bakin kasko ɗaya. Kafin sanyi ya wuce akurki ya zama wayam.

Amma a yi mini adalci. Haka muka tashi muka ga iyayenmu mata na yi, kuma ba wanda ya taɓa ce mana ana yi wa kaza rigakafi. Ban da haka, ɗaya daga cikin kajin ta tashi, ta rayu da karkataccen wuya, na daɗe ina rantsuwa kafso ne ya tashe ta. Ba shi ba ne. Wannan ciwo da ke share kaji a hunturu, wanda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, ƙwayar da ke kawo shi ba ta jin kafso ko kaɗan, kuma ko a garken da ya ƙare akan samu ɗaya ko biyu su tsira da kansu. Inda ba ni da hujja shi ne, da na ga sauran sun fara laushi, na aika da biyu kasuwa aka sayar. Na ce ai ni ma haka aka yi mini. Har yau in na tuna nakan ce talauci ne, wani lokaci kuma in ce a'a, son kai ne.

Ɗurar nan ita kanta kisa ce. Buɗe bakin kaza ka duba gindin harshe, za ka ga wata ƴar ƙofa tana buɗewa tana rufewa. Hanyar numfashi ke nan. In ka ɗaga kanta sama ka tuttula ruwa, nan yake bi ya faɗa huhu, kazar da ƙila za ta tashi sai ta shaƙe a hannunka, ka ce ciwo ne ya yi ƙarfi. In ba ta iya sha da kanta, riƙe kan a daidai, ka ɗiga ruwa a gefen baki da sirinji marar allura ko ƙaramin cokali, ɗigo ɗaya, ka jira ta haɗiye, sannan ka ƙara.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari da yawa, amma na san ku, ba ku karanta abu mai tsawo. Abu na farko dai, ware ta, tun kafin ka fara tunanin magani. Kwando ko kwali, a inuwa, inda iskar hunturu ba ta bugawa, nesa da akurki, da kaskonta daban. Ka fara ba masu lafiya abinci, ita ce ta ƙarshe, sannan ka wanke hannu da sabulu. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ka zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kar ya wuce kwana biyu, kuma kar ka ƙara gishirin, yana kashe kaza. Abinci kuwa dusa ce da aka jiƙa, ko gero da aka ɓarza, da ɗan dafaffen ƙwai in akwai hali.

Sannan ka duba ta da kyau, nan ne ƴaƴan yanzu ba su da haƙuri. Kar ka ce jikinta da zafi don haka zazzaɓi ne, kaza mai lafiya ma zafin jikinta wajen digiri 41 yake. Shimfiɗa mata takarda ko buhu ka ga kashinta da safe. Ruwa-ruwa ne kore ko fari, tana buɗe baki tana neman iska, wuya na murɗewa, kuma wata ma ta fara? Wannan Niyukasil ne har sai likita ya ce ba shi ba. Jini a kashi, musamman ga ƴan tsaki da damina, ciwon hanji ne da ke da maganinsa, amfuroliyom, a shagon maganin dabbobi. Shafa ƙashin ƙirji: in ya fito da kaifi alhali tana ci, ka yi zaton tsutsar ciki, akwai ƙwayar maganin tsutsa mai suna VPV, ɗaya ga nauyin kilo 2, kazar gida da ba ta kai ba a ba ta rabi. Taɓa jakar nan ta gindin wuya ta wajen dama inda tsaba ke taruwa, da sassafe kafin ta ci komai. Ya kamata ka same ta fayau. In ta kwana a cike da tauri, abinci ne ya toshe, sai ruwan ɗumi da ɗigon man gyaɗa da murzawa a hankali, ba tare da ka kifa kanta ƙasa ba. In kaza ce mai ƙwai, tana tafiya a tsaye tana yunƙuri, tana shiga akurki tana fitowa ba komai, ƙila ƙwai ne ya maƙale: zaunar da bayanta cikin ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20, ka shafa mata mai, ka ajiye ta a wuri mai duhu. Kar ka matsa, in ya fashe a ciki shi ke nan.

In zankonta ya koɗe, ƙafafu ba ƙarfi, kuma ba ka ga komai a jikinta ba, ɗauki tocila ka shiga akurki da dare. Kaskar kaji a tsagar ginin laka take wuni, da dare ta fito ta sha jini ta koma. Mutum sai ya yi ta ba kaza magani alhali ciwon na cikin bango. A share, a babbake tsagogin da harshen wuta, a yaɓe su.

Na ce kafso ba ya magani, amma ba ina nufin ba shi da rana ba. Kaza mai majina da kumburin ido likita kan rubuta mata maganin irin wannan gida, sai dai na dabbobi ne, da awo, da kwanakinsa, kuma akwai kwanakin da ba a cin ƙwanta ko namanta bayan an gama, suna rubuce a jikin takardar. Maɗacin ma, in faɗi gaskiya, har yanzu nakan jefa a ruwansu, hannu ne ya saba. Ku kar ku dogara da shi.

Abin da ke tsare kaji daga Niyukasil rigakafi ne, kuma masu lafiya ake yi wa. Akwai na allura, ITA-New, rabin mililita ga kowace kaza, akwai I-2 da ake ɗigawa ɗigo ɗaya a ido duk wata 4. Yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya kama jiki, don haka bayan kaka ake yi, Oktoba ko farkon Nuwamba, ba sai maƙwabta sun fara zubar da gawa ba. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, sai a haɗa kai a unguwa. Kar ka sayi wadda ta wuni a rana kan tebur. Kuɗin katin waya na kwana ɗaya ya isa, amma ku gara ku kashe shi a waya. Sabuwar kaza kuwa, ko daga Tibiri ta zo, ko Ɗan Isa, ko kyautar surukai ce, ta yi mako biyu ita kaɗai.

Da na ce a yanka da wuri kafin a yi asara, haka muka saba. Amma in kaji suna faɗuwa biyu-biyu uku-uku cikin yini, zanko ya yi baƙi-baƙi, fuska ta kumbura, kar a yanka, kar a fige, kar yara su taɓa. Ido ba ya rarrabe Niyukasil da murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Magariya ta jihar Damagaram a 2006, ita kuwa tana kama mutum. Je ka faɗa wa ma'aikatan kiwo. Gawar a sa hannu cikin leda a ɗauka, a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tone ba, a zuba toka a binne. Ba a jefa ta bayan katanga, ba a jefa ta kan bola, don can kajin maƙwabta ke kiwo. Akurkin kuma a bar shi ba kowa na wasu makonni, rana ta dake shi, kafin a kawo wasu.