Raɗa wa jariri suna a Ingila: abin da ya kamata a gama shawara a kai kafin a je ofishin rajista

A gida, ƙasar Hausa, tsarin a bayyane yake. An haihu, uba ko malam ya yi wa jariri huɗuba, ranar suna a taru a ƙofar gida bayan sallar asuba, a raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da sunan, a kayar da rago. Takardar haihuwa kuwa, da yawa sai an zo sa yaro a makaranta ake tunawa da ita. A Ingila takardar ce gaba da komai, domin abin da aka rubuta a cikinta shi ne zai bi yaron zuwa asibiti, makaranta, fasfo, banki da wurin aiki. Mafi yawan wahalar da iyalan Hausawa ke sha a nan kan sunan 'ya'yansu ba daga zaɓen sunan take tasowa ba, daga yadda aka jera shi da yadda aka rubuta shi ne.

Doka ta ba iyaye kwana 42 su yi wa jariri rajista a Ingila da Wales, a Sikotlan kuma kwana 21. Ke nan babu abin da zai tilasta wa mutum bayyana suna kafin ranar suna. A asibiti za a ɗaura wa jariri 'yar takarda a ƙafa da sunan ƙarshe na mahaifiyarsa, a ba shi lambar kiwon lafiya, kuma wannan bai zama sunansa ba, kada ya tayar wa kowa da hankali. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke Faransa su ne ke cikin matsi, don can kwana 5 kacal ake bayarwa, dole a kai sunan ofis tun kafin a yanka rago. A nan muna da sarari. Sai dai sararin yana yaudarar mutane, saboda a manyan garuruwa irin Landan da Birmingham layin ganin mai rajista yakan yi tsawo. Abin da ya fi shi ne uba ya shiga shafin intanet na ƙaramar hukumar da aka yi haihuwar a yankinta tun kwana na biyu ko na uku, ya kama rana a mako na biyu. Yankin da aka haihu ake bi, ba yankin da ake zaune ba. Ana iya zuwa wani ofishin a ba da bayani su tura, amma takardar takan yi jinkirin fitowa.

Akwai wani dalilin hanzari ga masu zama da biza. Haihuwa a Ingila ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, tun daga 1983 aka daina haka, sai in ɗaya daga cikin iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Jaririn masu bizar aiki ko karatu ana duba shi kyauta a asibiti har ya cika wata uku, daga nan ana so a ce an nema masa tasa bizar. Fita da shi a dawo kuma sai da fasfo da biza, fasfo sai da takardar haihuwa, ita kuma sai an daidaita kan suna. Gardamar dangi kan wa za a yi wa takwara, in ta ja har mako biyar, duk waɗannan take riƙewa.

Ranar sunan kanta ba ta da wuyar lissafi. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, idan an haihu bayan fitowar alfijir ba a ƙirga wannan yinin, shi ya sa wanda aka haifa Talata da rana sunansa kan faɗo Talata mai zuwa. Wanda ya zo kafin asuba kuwa, Litinin ne. Dabba ɗaya ta wadatar, namiji ne ko mace, ko da yake za ka ji maƙwabta 'yan Pakistan ko Somaliya suna cewa biyu ga namiji, su ma da hujjarsu. Abin da ba zai yiwu ba shi ne sayo rago a yanka a bayan gida. Yankan addini a nan sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Hanya biyu ce ta rage. Ko a yi magana da mahaucin halal tun da wuri, don ba kullum mayanka ke aiki ba kuma yana bukatar kwanaki kafin ya shirya, ko a tura kuɗi gida a yanka a can da sunan jaririn. Yawanci ta biyun ake bi, ga sauƙin kuɗi ga kuma dangi da maƙwabta da za su ci naman. Illarta ɗaya, mai jego ba ta ganin ko tsoka, don haka uba ya tanadar mata nata a nan, kada a bar ta da kallon hotuna a WhatsApp. In za a haɗa addu'ar ta waya, a tuna cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da Najeriya, a lokacin sanyi kuma suna gabanmu da awa ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato sunan ƙarshe. Mu a al'adance yaro sunan ubansa yake ɗauka. Musa Ibrahim ya haifi Aliyu, sai a ce Aliyu Musa. Matar Musa kuma tana nan da sunan mahaifinta, a ce Hauwa Sani. Doka a nan ba ta hana ba, kana iya ba ɗanka duk sunan ƙarshen da ka ga dama. Amma ka duba abin da ya fito: fasfon uba ya ce Ibrahim, na uwa ya ce Sani, na yaro ya ce Musa. Gida ɗaya, suna uku. Turawa sun saba da sunan iyali guda da ke gangarowa daga kaka zuwa jika, kuma kwamfutocinsu a kan haka aka gina su. Ranar da Hauwa za ta dawo daga ganin gida ita da Aliyu su kaɗai, jami'in shige da fice yana da hurumin tsayar da ita ya tambayi alaƙarta da yaron, saboda doka ta ɗora masa kula da safarar yara. Ba wulaƙanci ba ne, amma tsayuwa ce da goyo a baya bayan tafiyar awa shida.

Tsarin da ya fi kwantar da hankali shi ne Aliyu Musa Ibrahim: Aliyu sunan yanka, Musa a tsakiya, Ibrahim a ƙarshe daidai da yadda yake a fasfon uba. Nasaba ta fito yadda addini da al'ada suke so, yaro, uba, kaka, kuma takardu sun dace da juna. Duk 'ya'yan da za su biyo baya a bi da su haka, kada na fari ya zama Musa na biyu ya zama Ibrahim, makaranta ta kasa gane cewa wa da ƙane ne. Wanda sunan gari ne a ƙarshen fasfonsa, irin yadda muka san su Shehu Shagari da Aminu Kano, shi ya huta, wannan sunan sai ya zama na iyali kawai. Ko da wane tsari aka ɗauka, uwa ta riƙa tafiya da takardar haihuwa a jakarta, tun da nata sunan daban ne. Kuma a yi wannan tunanin da kyau kafin a shiga ofis, domin sunan farko ana iya sauya shi ko a ƙara wani cikin wata 12 da yin rajista, amma sunan ƙarshe ba ya sauyuwa a takardar haihuwa sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan.

Sai rubutu. Baƙaƙenmu masu ƙugiya ba sa shiga fasfo, na Birtaniya ko na Najeriya, saboda haka Ɗahiru zai koma Dahiru, Ƙasimu ya koma Kasimu, babu yadda za a yi. 'Yar alamar nan ta sama da ke cikin Sa'adatu, Mu'azu, Isma'il da Asma'u ita ce ta fi ba da ciwon kai. Mai rajista zai rubuta ta in ka ce ya rubuta, amma layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukarta, shafukan sayen tikitin jirgi da yawa ma ƙin ta suke yi. Sai ka ga yaro ɗaya yana Mu'azu a nan, Muazu a can, wani wurin ma an raba sunan gida biyu. Ra'ayina a nan shi ne a bar ta a takardun hukuma tun daga farko, a gida kuma a koya wa yaro yadda ake faɗa da yadda ake rubutawa da Hausa. Haka sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: Muhammad, Muhammadu, Mohammed, duk ana rubutawa, amma a wurin hukuma sunaye ne daban-daban. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai. Kada kuma a rubuta shi a taƙaice yadda muke yi a gida, don haka za su karanta shi, haka kuma za su buga. A 2023 Muhammad ne ya zo na ɗaya a sunayen jarirai maza a Ingila da Wales, yara sama da 4,600 da wannan rubutun kaɗai, saboda haka yana da kyau a haɗa masa da na biyu da za a riƙa bambanta shi da shi a aji. Masu son jera suna huɗu ko biyar don a faranta wa kowane ɓangare na dangi su sani cewa fasfon Birtaniya gurbin harafi 30 yake da shi na sunayen farko gaba ɗaya.

Game da yadda suna zai zauna a bakin mutanen nan, ban ga dalilin da zai sa Bahaushe ya guji Hadiza ko Abubakar don gudun kada malamar makaranta ta sha wuya ba. Suna koyon sunayen 'yan Poland da na Indiya, za su koyi namu. Amma akwai 'yan kaɗan da ya kamata a san da su. Nura da Isa a kunnensu sunayen mata ne, za a yi ta aiko da wasiƙa ana ce wa yaro "ita". Fati kuma ya yi daidai da kalmar da yaransu ke tsokanar mai ƙiba da ita, gara a rubuta Fatima cikakke a kuma kira ta haka a waje.

Alkunya ita ce abin da ofis bai san da shi ba sam. An yi wa kaka takwara, yaro sunansa Usman amma duk gida Abba ko Khalifa ake ce masa, yarinya Zainab ce amma Ummi ta sani. Ranar farko a makarantar rainon yara malama ta kira Usman, yaro ya yi zuru, sai a fara tambayar iyaye ko yana da matsalar ji. Maganinsa sauƙi ne. Fom ɗin makaranta yana da gurbin sunan da aka fi kiran yaro da shi, a cike shi. In kuma an tabbata laƙabin ne zai bi shi har girma, a sa shi a tsakiya tun a takardar haihuwa. Ita ma uwa ta shirya wa ranta, don a wurin likita za a ce ta faɗi cikakken sunan ɗanta da bakinta, ko ɗan fari ne, ko sunan surukinta ne. Wadda nauyin ya yi mata yawa takan miƙa jan littafin nan na lafiyar jariri a karanta. Sunayen rana da na yanayin haihuwa, su Ɗanladi, Talatu, Jummai, Asabe, Gambo, Tanko, Azumi, su ne suka fi saurin ɓacewa a zaman waje, alhali su ne ke nuna cewa yaron nan Bahaushe ne ba Balarabe ko ɗan Pakistan ba. Gurbin tsakiya yana ɗaukarsu lafiya lau.

Ranar rajista a tafi da fasfon iyaye, jan littafin, da takardar aure in akwai. Idan auren hukuma ta san da shi, ɗaya daga cikin iyaye ya isa. Auren da aka ɗaura a Najeriya bisa ƙa'idar can galibi ana karɓarsa. Wanda aka ɗaura a masallaci a nan ba tare da rajista ba kuwa, a idon doka ba aure ba ne, sai uwa da uba sun je tare kafin sunan uba ya shiga cikin sauƙi. A rubuto sunan a takarda da manyan baƙaƙe a miƙa, kada a dogara da faɗa da baki. Mai rajista zai nuna maka shafin kafin ka sa hannu. Ka bi shi harafi bayan harafi, har da sunanka da na matarka da garin da aka haife ku, domin gyara bayan sa hannu yana cin tsakanin fam 80 da 100, ga jira, kuma ba a goge kuskuren, bayani ake ƙarawa a gefe. A sayi doguwar takardar haihuwa mai ɗauke da bayanan iyaye, kwafi biyu ko uku, don gajerar ba ta aiki a neman fasfo ko biza.

Daga nan sai ofishin jakadancin Najeriya. Fasfon Najeriya yana bukatar lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ko da jariri ne, kuma abin da aka shigar a NIN shi zai fito a fasfo. A nan ne ake yawan juya sunaye, na farko ya koma ƙarshe, musamman in wani ne ya cike fom ɗin a madadin iyaye. A duba kafin a bar wurin. Yaron da aka haifa a nan ya kuma yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a ƙasar yana da damar neman zama ɗan Birtaniya, kuma ofishin fasfonsu ba ya yarda ya buga suna da ya saɓa wa na fasfon Najeriyar da yaron ke riƙe da shi. Za su ce a je a gyara wancan tukuna, gyaran suna a NIN da fasfo daga ƙasar waje kuwa aiki ne na watanni.