Takin da ruwa ya kwashe daga gona, ina yake zuwa?

Jama'a abin da ke damuna game da noma shi ne yadda muke barin ƙasa tsirara bayan girbi, a kwashe kara a ƙone sauran, sannan shekara ta zagayo mu ce gona ta gaji. To ai dole ta gaji. Wannan baƙi-baƙin da ka ke gani a ƙasa mai kyau ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa da kashin dabbobi, kuma fiye da rabinsa sinadarin kabon ne, shi ke riƙe danshi, shi ke haɗa ƙasa ta yi curi-curi ruwa ya riƙa shiga maimakon ya gudu a sama. In ka sa wuta, kabon ɗin da naitirojin ɗin (sinadarin da shuka ke buƙata don ta yi kore ta girma) da ke cikin kara sun bi hayaƙi, toka kawai aka bar ma.

Shi naitirojin wallahi ba ya zama wuri ɗaya. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, amma in ka watsa ta a sama ba ka rufe ba wani kaso zai bi iska, wanda ya shiga ƙasa kuma ya koma wani nau'insa da ake kira naitiret, shi kuwa naitiret ba ya manne wa ƙasa, in an yi ruwa mai yawa kuma babu saiwar da za ta kama shi sai ya zarce ƙasa ya shiga rijiya da rafi. Kuɗinka ne fa ya tafi, kuma wani ne zai sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naitiret ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, saboda jarirai, yana hana jininsu ɗaukar oksijin yadda ya kamata. A Amurka takin da kogin Misisipi ke kwasowa daga gonaki yana sa gansakuka ta yi yawa a Tekun Meziko, in ta mutu ta ruɓe oksijin ya ƙare kifi su gudu, a 2017 faɗin wurin da oksijin ya yi ƙaranci haka ya haura murabba'in kilomita 22,000.

Maganin ba ɓoyayye ba ne: a bar kara ya rufe ƙasa, a rage yawan huɗa, a riƙa juya shuka da wake ko waken soya masu ƙulla naitirojin daga iska a saiwarsu, a raba taki kashi-kashi lokacin da shuka ke buƙata, a bar ciyawa a gaɓar rafi ta tare laka.

Amma gaskiya kar a ruɗe mu, barin huɗa shi kaɗai bai isa ba. Kabon ɗin da yake tarawa yawanci a saman ƙasa ne, kuma yana ɗaukar shekaru, in ka koma huɗa sosai sai ya zube. Sannan a farko shuka na iya yin rawaya, don ƙananan halittun da ke ruɓar da busasshen kara suna aron naitirojin ɗin kafin su dawo da shi, nan ne da yawa ke karaya su koma ƙonawa, alhali ɗan ƙarin taki a wannan lokacin ko haɗawa da wake zai tsallakar da su.